Iyafis ɗin Baba da Saƙon Inna

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, akuyar Mama Ladi ta cinye iyafis ɗin Babana. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, tsakar gida duk taɓo, ni kuma ina tsugune a bakin ƙofa ina wanke kofunan koko. Baba ya rataye iyafis ɗin a ƙusar jikin taga ya zaga bayan gida. Akuyar nan, wadda muke kira Madam saboda tafiyarta irin ta matan manyan ma'aikata, ta taho a hankali kamar mai zuwa gaisuwa, ta ɗaga ƙafafun gaba ta dafa bango, ta zuƙe shi kamar taliya. Na yi kururuwar da na tabbata an ji ta har Gwagwalada. Abokina Yohanna ya fito da cokali a baki, muka dafa mata baya. Ta tsallake turmi, ta ratsa ƙarƙashin rumbu, ta watsa kajin gidan, ta faɗa gonar gyaɗa. Da ana sa awaki a gasar gudu, da Madam ta ciyo wa Abuja kofi. Da ƙyar muka danne ta a gindin wata ɗorawa, Yohanna ya riƙe ƙaho, ni na cusa hannu na zaro abin da ya saura. Igiyar ta fito lafiya, bakin da ake sokawa a waya ma bai yi komai ba, amma kunnuwan nan biyu sun koma kamar raken da aka tauna aka tofar.

A Paikon Kore muke zaune a lokacin, ni da Baba, a ɗaki ɗaya da ya kama a gidan Mama Ladi, wata manomiya Bagbagyiya mai yawan faɗa da yawan kyauta. Yohanna ne autanta, ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya, bulalarmu ma ɗaya, don duk ranar da aka dake ni sai an haɗa da shi. Baba ya zo ne daga ƙauyenmu a ƙasar Katsina. Da rani yana tura baron rake zuwa bakin titi, da damina kuma ya yi ƙwadago a gonakin doya. Ya taho da ni ne saboda makarantar ƙauyenmu ta fi yawan jemagu a kan ɗalibai. Inna da ƙanwata Hajara suna can gida. Ni kuwa na sami duniya sabuwa. Da safe mu ɗebo ruwa a famfo, mu tafi makaranta da tsintsiya a hammata, mu share fili, mu sare ciyawa. Da yamma mu bi Mama Ladi gona, mu kafa wa doya sanda, mu kori tsuntsaye, mu dawo tana tafe a gaba da ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. Na taɓa gwada ɗaukar tulu irin nasu, na yi kwanaki ina tafiya a karkace kamar kaguwa. Idan an yi ruwan dare mu tashi kamun shinge, mu soya a murfin tukunya. Idan babu aiki mu buga ƙwallon leda ko mu yi langa har sai wani ya faɗa kwata.

Wayar Baba tsohuwa ce, ina jin ta girme ni. Tun shekarar da ta faɗa masa a ruwan gona sifikarta ta mutu, ba a jin komai sai da iyafis. Shi kuma iyafis ɗin ba irin na kowa ba ne, bakinsa mai faɗi ne kamar haƙorin gaba, ba siririn tsinke irin na sauran wayoyi ba. A ƙauyenmu babu sabis, sai an hau dutse, kuma matan aure ba sa hawan dutse don yin waya. Saboda haka Baba ya bar wa Inna wata ƙaramar waya, ya koya wa Hajara yadda ake ɗaukar murya. Inna ta yi maganarta, a zare memori a naɗe a leda, a ba Kawu Sale mai fataucin albasa ya kawo mana idan zai zo kasuwar Gwagwalada. Mu ma mu ɗauki tamu a wani memorin ya koma da shi. Ranar da saƙo ya zo, sai Baba ya tura ƙofa, mu zauna a tabarma, ya sa kunne ɗaya ya ba ni ɗaya.

Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu an riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zaunar da ni a gaban mutane ta yi hira da ni ba. Idan za ta ba ni abinci, sai ta ajiye kwanon ta ce wa iska, "Ga shi nan, mai ci ya ci." Naman da ke ƙasan tuwon ne kawai yake tona mata asiri. A cikin saƙon ma haka take. Ta gaida Baba, ta gaida Mama Ladi da ba ta taɓa gani ba, ta ba da labarin tunkiyar da ta haihu da katangar da ta zube da rikicin maƙwabta a kan kaza, sai can a ƙarshe, kamar wadda ta tuna da tsintsiyar da ta bari a waje, ta ce, "Na wajenka kuma a ce ya rage surutu." Wannan guntuwar maganar nake jira tun daga farko. Ita ce rabona, kuma takan ishe ni har Kawu Sale ya sake dawowa.

Washegarin ɓarnar Madam sai ga Kawu Sale da ƙullin kuka da daddawa da memori. Ya ce Inna ta ɗan kwanta zazzaɓi, amma da sauƙi. Baba ya sake tambaya, ya sake cewa da sauƙi. A wajenmu ko mutum yana hannun Allah, da sauƙi ake cewa, don haka maganar ba ta kwantar wa Baba da hankali ba, ba ta kuma tayar masa da shi yadda zai bar gonar da ya karɓi aikinta ya kama hanya ba. Gaskiyar magana tana cikin ɗan abin nan da bai kai farce ba, mu kuma ba mu da kunnen jin ta. Mama Ladi ta ji labari ta fito da zani a ƙirji, ta ce, "Malam, kawo wannan abu, a saka cikin waya na Bitrus, ka ji matarka yana magana!" Bitrus babban ɗanta ne, ɗan acaɓa, wayarsa kuwa idan ta yi ƙara har karnukan unguwa amsawa suke. Baba ya yi godiya ya sunkuyar da kai. Shi a wurinsa maganar mace da mijinta ba ta shiga wayar wani namiji. Ya kuma yi imani cewa duk wayar da murya ta ratsa sai ta bar saura a ciki, kamar yadda miya ke barin maiƙo a kwano. Ya naɗe memorin ya cusa a ninkin hularsa, ya ce zai nemo wani iyafis ɗin.

Ya nema. Ya zaga masu kayan waya na Gwagwalada, ranar Juma'a har Garki ya je. Ya dawo ya ce wani yaro mai shago ya juya wayar a hannu, ya kira maƙwabtansa su zo su ga abin tarihi, ya ce, "Oga, wannan ai sai gidan ajiye kayan da." Baba ya ba mu labarin yana murmushi, amma a daren bai cinye tuwonsa ba.

Yohanna yana da wani abu guda a duniya da ya fi so fiye da ni, wato hedifon ɗinsa. Ƙato ne, ja da baƙi, mai soso a kunnuwa, wata gwaggonsa mai aikin shara a wani gida a Garki ta kawo masa bayan ɗan gidan ya gaji da shi. Lafiyarsa ƙalau. Yohanna ba shi da waya, amma wannan bai dame shi ba. Sai ya kafa shi a ka, ya cusa bakin igiyar a aljihun wando, ya riƙa gyaɗa kai yana tafiya kamar wanda kiɗa ke ratsawa. Yaran ajinmu suna bin layi a ba su su ɗana, su ma su gyaɗa kai su ce kiɗan da daɗi. Ranar Lahadi kaɗai, bayan an taso coci, Bitrus ke ara masa waya ya ji kiɗan gaske. Mun riga mun gwada shi a wayar Baba, bakinsa siriri ne, ya ƙi shiga. Wata ranar bayan an tashi makaranta ina zaune a gindin mangwaro ina tsokanar tururuwa, sai ga shi ya zo ya ajiye mini hedifon ɗin a cinya, ya ɗora sabuwar reza a kai.

"Naka igiya yana da rai, nawa kunne yana da rai," in ji shi. "Yanke."

Na ce, "Kai Gwari, ka haukace? Idan ya ƙi yi fa?"

Ya ce, "To mun zama marasa kunne mu biyu. Yanke kafin na fasa, Bahaushe mai tsoron akuya."

Na yanke. Ya juya baya don kada ya gani.

Baba ya bar mana wayar tunda ba ta da amfani a gona, memorin dai yana cikin hula. Gindin mangwaron nan ya zama asibiti, mu ne manyan likitoci. Da tsinin wuƙa muka ɓalle kunnuwan hedifon, muka tarar da sifika a kowane ɓangare, zagayayya kamar murfin kwalba, da ɗigon dalma biyu a bayanta. Muka feɗe igiyar Baba, sai ga wasu zarurruka sirara kamar gashin jariri, wani ja, wani kore, wani ruwan zinariya. Muka murɗa su da guntayen da suka rage a jikin sifikun, muka naɗe da salatif, muka kunna rediyon wayar don gwaji. Shiru. Muka sauya, ja ya koma wurin kore. Shiru. Muka shafa yawu. Na tofa duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa, Yohanna ya rufe ido ya yi tasa, ya ce ko ɗaya a ciki za ta kama. Ko tari hedifon ɗin bai yi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne duk gwajin da muka yi sai zaren ya tsinke, sai mun sake yanke igiyar mun feɗe sabon wuri. Igiyar da ta kai tsawon hannun Baba ta dawo kamu ɗaya, tana neman komawa taƙi. Idan ta ƙare, shi ke nan. Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Kullum Baba ya dawo daga gona sai ya dube ni, in girgiza kai, ya wuce ya ɗauki buta. Wani lokaci in hango shi ya cire hula, ya taɓa ninkin da yatsa, ya mayar.

Masarar Mama Ladi ce ta cece mu. Ranar tana gasa sabuwar masara a murhun waje, muka matsa kusa da wuta da kayan aikinmu, rabi don aiki rabi don masara. Na sa ƙusa a garwashi, ina so in gwada narka dalmar nan in manna zaren a kanta kai tsaye. Garin miƙa hannu sai harshen wuta ya lashi bakin igiyar. Wani ɗan wari ya tashi, na ce wayyo mun ƙone ta. Da na duba sai na ga launin ya tafi, zaren ya fito tsirara yana ƙyalli. Ashe launin nan fenti ne aka lulluɓe ƙarfen da shi, duk kwanakin nan fenti muke ɗaura wa fenti aure. Yohanna ya kama zare biyu ya dangwala a ɗigon dalmar, sai muka ji "ƙurrr", sai muryar wani mutum ƙarama kamar ta sauro tana karanta labarai. Ihun da muka yi ya sa Mama Ladi ta saki masara a toka, kaji suka haye rufi, Madam ta tsinke igiya. Muka ƙona sauran zarurrukan da ashana, muka manna su da ƙusa mai zafi, na ƙone yatsa har ya yi bororo ban ji ba. Muka mayar da murafen, muka naɗe komai da salatif har ya zama kamar wanda ya yi hatsarin babur. Kunnuwa biyu duk suna magana. Igiyar dai ta gajarce, sai mutum ya riƙe wayar a gindin haɓa.

Bayan la'asar Baba ya dawo da taɓo har gwiwa. Wannan karon ban girgiza kai ba. Bai ko wanke ƙafa ba ya shige ɗaki, na bi shi, Yohanna ya tsaya a waje yana gadin ƙofa da kansa. Baba ya sa memorin, ya kafa ƙaton hedifon a saman hularsa, ya koma kamar direban jirgin sama, har dariya ta kuɓuce mini. Sai ya buɗa ɓangare ɗaya ya jawo kaina, kuncina ya manne da nasa, ina jin warin gumi da ƙasa. Ya danna.

Da farko muryar Hajara ce tana raɗa, "Inna, ya fara." Sai numfashi. Sai sallamar Inna, a hankali, kamar daga cikin rijiya. Ta gaida Baba. Ba ta ba da labarin tunkiya ba, ba ta ambaci maƙwabta ba. Ta yi tari mai tsawo, ta ce, "Malam, duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini." Na ji muƙamuƙin Baba ya motsa a jikin kuncina. Aka yi shiru har na ɗauka zaren ya sake tsinkewa. Sai ta ce, "Yaron nan, idan da hali, a kawo mini shi in gan shi." Ta ja numfashi, ta ƙara da cewa, "Ya yi tsawo ko?" Daga nan saƙon ya ƙare.

Ni murna na yi. Na zame kaina na yi tsalle, na faɗa tsakar gida ina gaya wa Yohanna cewa Inna ta ce a kai ni, ni, da bakinta, ta ma tambayi tsawona. Muka yi ta rawa a taɓo. Sai da na koma ɗaki na tarar Baba yana cusa kaya a buhu, hedifon ɗin yana kansa bai tuna ya cire ba, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin haka ba, sai na tsaya a bakin ƙofa na rasa inda zan sa hannuwana.

Da sassafe muka fita. Mama Ladi ta rako mu har titi da sabuwar doya a kafaɗa, ta ce a kai wa mara lafiya, a dafa mata da manja. Na miƙa wa Yohanna hedifon ɗinsa, ya ce, "Ai ya zama na wayan Baba, ni me zan yi da shi?" A mota daga Zuba har Kaduna, daga Kaduna har muka sauka, aikina ɗaya, miƙe wuya. Na ninka kwali na cusa a takalmi. Na shirya yadda zan tsaya a ƙofar ɗakin Inna ƙiƙam kamar soja, in ga ko za ta iya daurewa ba ta kalle ni ba. Rana ta yi sanyi muka shiga ƙauye a kan babur. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza a zazzaune. Baba ya ce wa mai babur ya tsaya, ya sauka, ya ƙarasa da ƙafa, ni ina biye da doya a hannu. Ashe jiya aka kai Inna makwancinta.

Hajara ta gaya mini daga baya cewa tun da Kawu Sale ya tafi, duk ƙarar babur da Inna ta ji sai ta ce a leƙa a ga ko baƙi ne. Ba ta taɓa cewa su wa take jira ba. Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ya ƙare, Baba yana amsawa. Ban taɓa jin ya ɗora wa Kawu Sale laifi ba, ko akuya, ko kansa. Abin da na sani, da muka koma Paikon Kore, ranar da muka isa ya sami Bitrus a gindin mangwaro ya ce ya koya masa yadda ake amfani da irin wayarsa. Mama Ladi ta rungume ni tana kuka da yarensu. Ta so ta yanka Madam, Baba ya hana, ya ce dabba ba ta san abin da ta ci ba. Ni da Yohanna muka ci gaba da zuwa makaranta da gona, sai dai shekarar nan malamai suka yi ta tambaya ko ba ni da lafiya, don an daina samun sunana cikin masu surutu.

Yanzu muna Garki, Baba yana sayar da kayan marmari, ni ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma surutuna ya dawo har da riba. Yohanna yana koyon gyaran lantarki a Gwagwalada, idan mun haɗu har yau Bahaushe mai tsoron akuya yake ce mini. An kafa ƙarfen sabis a bayan ƙauyenmu. Hajara tana wurin kakarmu, kullum sai ta turo mini murya, kafin ta ɗaga yatsa saƙon ya iso, ta yi ta kiran sunana a kan abin da bai kai ya kawo ba. Iyafis ɗin da ke kunnena ko igiya ba shi da ita. Memorin nan yana wurin Baba, sau ɗaya tak na ji shi, ban kuma taɓa samun bakin da zan ce ya sake kunna mini ba. Bara da muka je gida sai da na sunkuya kafin na shiga ɗakin Inna, a sahun salla kuma yanzu ina hango tsakiyar hular Baba. Na yi tsawo ƙwarai, mai tambayar ce babu.